Yadda Za A Gano Matsalar Injekta Da Nozul A Tsohuwar Tarakta

Kowace shekara idan ruwan farko ya sauka a watan Afrilu ko Mayu, garejin bakanikai a Kakuri da Sabon Tasha da Gonin Gora kan cika da taraktocin da aka jawo daga ƙauyukan Chikun da Kajuru. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: ta ƙi tashi, ko ta tashi amma ba ta da ƙarfin jan garma, ko kuma tana ta zubo hayaƙi. Nan da nan sai a ce injekta ce ta lalace, a kwance ta, a kashe kuɗi masu yawa, alhali sau da dama laifin bai wuce dattin filta ko iskar da ta shiga bututu ba. Kwana goma da tarakta za ta yi a gareji a watan Yuni na iya sa manoma da yawa su makara wajen shuka masara. Don haka muka ga ya dace mu yi wa masu taraktoci da direbobi da jami'an sashen aikin gona na ƙananan hukumomi bayani a kan yadda za a bi matsalar daki-daki.

Yadda mai ke tafiya a cikin inji

Yawancin tsofaffin taraktocin da ke aiki a yankinmu su ne Massey Ferguson, irin su 135 wadda aka fara ƙerawa a 1964, da 165 da 375, sai Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat da aka harhaɗa a Kano. Dukkansu injin dizal gare su, wato irin injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya gwada ya yi aiki a 1897. Wannan inji ba shi da fulogi irin na motar fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sannan nozul ya fesa gas a cikinta kamar hazo, sai ya kama da kansa.

Kafin gas ya kai nan, yakan bi hanya kamar haka: daga tanki ya sauko ta famfo zuwa kofin gilashin da ke tare ruwa da laka, ƙaramin famfon da ke jikin inji ya tura shi cikin filta, daga filta ya shiga injekta, ita kuma ta auna shi ta tura wa kowane nozul rabonsa a daidai lokacinsa. Ƙarfin wannan turi ya ninka iskar tayar mota fiye da sau hamsin. Injektar da ke kan injin Perkins na taraktocin Massey Ferguson, ƙirar kamfanin CAV na Ingila, ba ta da wani mai da ke sanyaya ƙarafunta sai gas ɗin da ke ratsa ta. Wannan ne ya sa ruwa ko ƙura ko kananzir ke saurin cinye ta.

A fara daga tanki

Ƙa'idar ita ce a fara da abu mai sauƙi da arha. A duba ko akwai mai a tanki, kuma famfon ƙasan tanki a buɗe yake. A duba ƙaramin ramin da ke kan murfin tanki, domin idan ya toshe mai ba zai sauko ba, sai tarakta ta yi ɗan aiki ta mutu. A tabbata an mayar da sandar kashe inji ciki sosai. A ɗaga ido a kan kofin gilashi: idan akwai ruwa za a gan shi kwance a ƙasa, gas yana bisa. A kwance shi a wanke, a sake filta idan ta daɗe. Haka kuma a tabbata batir yana juya inji da ƙarfi, don injin da ke juyawa a sanyaye ba ya matse iska ta yi zafin da ake bukata.

Fitar da iska

Duk lokacin da mai ya ƙare a tanki, ko aka canja filta, ko aka kwance wani bututu, iska takan shiga. Iska tana matsuwa, gas ba ya matsuwa, saboda haka injekta ba ta iya tura mai muddin akwai kumfa a cikinta. Ga yadda ake fitar da ita:

1. A sassauta notin da ke kan filta, a riƙa danna hannun ƙaramin famfo har gas ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure.
2. A yi haka a kan notocin fitar da iska guda biyu da ke jikin injekta, na ƙasa tukuna sannan na sama.
3. A sassauta bututun ƙarfe a bakin nozul, a buɗe totur, a juya inji da makulli har gas ya fara tsartuwa, sannan a ɗaure a tayar.

Idan hannun famfon ya yi sakwa-sakwa ba ya turo mai, a juya inji zagaye ɗaya a sake gwadawa. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma sha biyar a lokaci guda, don kada sitata ta ƙone. Idan kuwa kullum da safe sai an fitar da iska kafin tarakta ta tashi, to akwai inda take shiga, galibi ta robar filta ko tsagaggen bututu.

Abin da hayaƙi ke nunawa

Idan inji yana juyawa amma babu hayaƙi ko kaɗan a salansa, mai ba ya isa ciki. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A nan sai a fara duba matatar iska, musamman bayan ƙurar hunturu, kafin a zargi nozul mai ɗiga. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nuna mai bai ƙone ba, ko don nozul ba ya feshi daidai, ko lokacin turin injekta ya goce, ko ringi ya cinye. Idan farin hayaƙin ba shi da wari kuma ruwan lagireto yana raguwa, a duba gaskit. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, kuma wannan aikin cikin inji ne, gyaran injekta ba zai magance shi ba.

Gano nozul mai laifi

Idan inji yana rawa ko yana tsallake bugu, a bar shi yana aiki a hankali, a ɗauki sufana a sassauta bututun nozul na farko kaɗan. Idan muryar inji ta sauya ya ƙara rawa, wannan nozul lafiya yake, a ɗaure a wuce na gaba. Wanda aka sassauta amma babu abin da ya canja, nan matsalar take. Don a tabbatar, a musanya shi da na kusa da shi. Idan matsalar ta bi nozul, shi ne mai laifi. Idan ta tsaya inda take, sai a duba bawul ko ringin wannan silinda.

Haka nan a riƙa duba sandar awon baƙin mai. Idan yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma yana warin gas, to robar ƙaramin famfo ta fashe ko kuma sil ɗin injekta yana yoyo. A tsayar da aiki nan take, domin baƙin man da ya tsinke yana kashe inji.

Lokacin da za a nemi gwani

Ba a buɗe injekta a gindin bishiya. Ƙarafun cikinta sun yi matsi ƙwarai, ƙwayar yashi guda ta isa ta ɓata su. Idan an bi duk matakan da muka zayyana, mai yana isa injekta babu kumfa amma ba ya fita, sai a kai ta wurin masu na'urar gwaji. Kafin a cire ta a lura da alamar da ke jikinta da ta jikin inji, a toshe bakin kowane bututu. A nemi mai gyaran ya gwada feshin nozul a gaban mai tarakta, kuma ya dawo da tsofaffin kayan da ya cire.

Gargaɗi

Kada kowa ya sa hannu a gaban nozul ko ya shafa bututu don neman yoyo yayin da inji ke aiki. Gas mai irin wannan ƙarfi yana huda fata, ramin ƙarami ne amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa, don haka wanda abin ya shafa a garzaya da shi asibiti a take. Kada a watsa fetur a bakin matatar iska don tayar da inji. Idan inji ya ɗauki gudu ya ƙi mutuwa, a toshe hanyar iska da katako, ba da tafin hannu ba.

Rigakafi ya fi magani

Tun daga 2022 da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, wasu sun koma sayen na bumburutu, wanda ba a rasa mai gaurayen kananzir ko ruwa a ciki. Arhar nan takan ƙare a wurin mai gyaran injekta. Muna ba da shawarar a sayi mai a gidan mai da aka sani, a bar duro ya kwana kafin a ɗiba, kada a ɗebo na can ƙasa, kuma a tace da mazurari mai raga. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, don kada raɓa ta taru a cikinsa da dare. A sake filta kafin kowace damina. Da rani kuma a riƙa tayar da tarakta lokaci-lokaci, domin wadda ta yi watanni a ajiye injektarta kan daskare.

Muna kira ga shugabannin sashen aikin gona da ƙungiyoyin manoma masu ba da hayar tarakta da su tanadi littafi ga kowace tarakta, inda za a rubuta ranar da aka sake filta da inda aka sayi mai da awannin da ta yi aiki. A kammala duk wani gyara tun watan Maris, kafin layi ya yi tsawo a gareji. Malaman gona da dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen isar da wannan bayani ga direbobin da ke yankunansu. Allah Ya ba mu damina mai albarka.