Bayani a kan talabijin mai jan hannu

Wani ciniki ne ya warware a layinmu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wani dillali ya haɗa maƙwabcina da mai talabijin na hannu, aka daidaita, aka biya la'ada. Kwana biyu sai ga maƙwabcin da kayan a ka, wai ya taɓa bakin eriya ta baya wuta ta ja shi, a ba shi kuɗinsa. Mai kaya ya ce faufau, lafiya ya sayar. Da aka kira mai gyara ya auna, sai aka tarar laifin ba na talabijin ba ne, na wayarin rumfar ne. To, jan wuta iri-iri ne, wani ba ya rage wa kaya ko kwabo, wani kuwa kisa yake yi, ya kamata mai ciniki ya san bambancinsu.

Wutar da ke zuwa gidajen Nijeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220. Talabijin na yanzu, watau mai faɗin nan marar ƙeya, ba da wannan ƙarfi yake aiki ba, akwai allo a cikinsa mai rage wutar. Wannan allo yana haifar da ƙugi wanda kan dami rediyo da sauran na'urori, saboda haka masu ƙira suka sa wasu 'yan ƙananan kafasito tsakanin gefen wuta da ƙarfen jikin akwatin domin su shanye ƙugin. Amma fa ta cikinsu wuta 'yar kaɗan takan tsiyayo zuwa ƙarfen. Da gangan aka yi haka, ba lalacewa ba ce. In akwai wayar ƙasa, watau waya ta uku mai launin kore da rawaya, sai tsiyayar ta bi ta can ta shige ƙasa, ba wanda ya sani. In babu, sai ta tsaya a jikin kusoshi da bakin eriya da bakin HDMI tana jiran hanya. Kai da ka zo ba takalmi a kan siminti, kai ne hanyar.

Abin da ke tsorata mutane shi ne awo. Mai gyara ya ɗora mita sai ta nuna bolt 100 ko 110, watau kusan rabin wutar gari, ko a dangwala testa a ga ta kama ja, nan take mai saye ya ce a sauke farashi. Alhali kuwa bolt dabam, yawan wutar da ke gudana dabam. Ku ɗauki buhun gero da aka cika tam, tsinke ya huda shi. Nauyin buhu yana nan, amma ƙwaya ɗaiɗai ke zubowa. Bolt shi ne cikar buhun, amfiya ita ce abin da ya zubo. Amfiya ɗaya in an raba ta dubu, kowane kashi shi ake kira mili-amfiya. Tsiyayar lafiyayyen talabijin ba ta kai mili-amfiya ɗaya ba, daidai inda jiki ke fara jin tsikari ke nan. Daga wajen 10 ne hannu kan ƙage ya kasa saki, in ta haura 30 ta kuma daɗe a jiki, numfashi da zuciya suna cikin haɗari. Ita testa ba ta da mudu, ko ƙwaya ɗaya ta gani sai ta haska. Ni dai ban yarda a yanke hukuncin ciniki da testa kaɗai ba.

Yadda mai gyara na ƙwarai yake rarrabewa, yakan haɗa ƙaramin ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, tsakanin ƙarfen talabijin da wayar ƙasa mai kyau. In tsiyaya ce, ƙwan ba zai ko yi ja ba, awon mita kuma ya faɗi ƙasa warwas. In ƙwan ya kama, to buhu ya fashe, wayar layif ta taɓa ƙarfe ko kafasito ya ƙone ya haɗe. Wannan aikin masu sana'ar ne, kada a gwada da ka.

Kai kuwa da ba mai gyara ba, akwai alamu. Tsiyaya takan zo kamar tafiyar kiyashi ko ɗan karkarwa in ka shafa ƙarfen, ta fi a bayan hannu da inda fata ke da laushi, ta fi kuma da damina lokacin da daɓe ya yi danshi, jiki ya yi gumi. Wadda ke yin tas sau ɗaya da hunturu, in ka sake taɓawa ba komai, wannan ba ta talabijin ba ce ma, a jikinka ta taru daga gogayyar tufafi da busasshiyar iska. Amma in ta fizge hannu har kafaɗa, ko ana jin ƙaurin roba, ko fis yana yawan ƙonewa, ko firij da ƙofar ƙarfe su ma suna ja, ko tsikarin jiya ya fi na shekaranjiya, a zare filogi daga bango nan take. Na ce a zare, ban ce a kashe makunni ba. Gama akwai masu wayarin da kan juya layif da nutural, makunni ya yanke nutural, wuta tana nan daram cikin kayan.

Sau da yawa kuma ba talabijin kaɗai ke tsiyaya ba. Dikoda tana da tata, amfilifaya tana da tata, wayar eriya da ta HDMI sun ɗaure su wuri guda, sai tsiyayar ta haɗu ta yi yawa. Inda rumfuna uku ko huɗu suka yi tarayya a kan dish ɗaya, wutar maƙwabci takan biyo waya ta iso gare ka ko naka a zare yake. A cire komai daga wuta, a zare wayoyin baya, sa'an nan a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya, za a gane mai laifin. Ku lura kuma da ɗan tartsatsin da kan fito in an soka HDMI alhali kaya na kunne. Mutum ba ya jin komai, amma yana iya ƙone bakin, talabijin mai lafiya ya koma na ragi. Dillalai masu gwada kaya goma a yini, ku riƙa haɗa wayoyi tukuna kafin a ba da wuta.

Maganin dai wayar ƙasa ce, kuma a nan ne muke da sakaci. Soket ɗinmu na Nijeriya mai ido uku ne irin na Ingila, amma ka buɗe da yawa a kasuwa ka ga idon sama ba waya a bayansa. Haka ƙaramin ekstenshan mai araha, haƙori uku a waje, waya biyu a ciki. Rumfar da ke kan janareta ko inbata sau da yawa ba a kafa mata komai a ƙasa ba. Abin da ake bukata shi ne sandar jan ƙarfe a kafa ta da zurfi inda ƙasa ke da laima, a jawo waya daga nan zuwa kowane soket. Ƙasarmu mai rairayi da fari ba ta karɓar wuta da sauƙi, shi ya sa masu aikin kan zuba gawayi da gishiri a ramin, sai dai gishiri na cin ƙarfe, a riƙa dubawa. Talabijin mai haƙori biyu an gina shi da rufi ninki biyu, alamarsa murabba'i cikin murabba'i a takardar baya, kada a buɗe shi a ce za a ƙara masa waya. Abin da za a kai ƙasa shi ne ragar wayar eriya, tsikarin zai tafi. Mai hali ya ƙara da bireka mai suna RCD ta mili-amfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta bi jikin mutum.

Saura tsohon talabijin mai ƙeya, wanda har yanzu ake samu a gwanjo. Ƙaiƙayin da ke tashe gashin hannu a gilashinsa ba komai ba ne. Cikinsa ne abin tsoro, domin mai launi yana aiki da wajen bolt 25,000, kuma yana riƙe wuta bayan an zare shi. Yaron shago kada ya kwance bayansa. In kuwa wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, a yanke wutar, ko a ture shi da busasshen itace, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Shi maƙwabcin nawa an sa masa wayar ƙasa, talabijin ya koma rumfarsa, dillali ya riƙe la'adarsa.