Likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa: yaya yake sanin aikinsa na ci?

Masu saurarenmu, wanda ya karye a ƙafa hoto ake masa a ga ko ƙashi ya haɗe. To, ciwon damuwa fa, da babu hoton da ke nuna an warke?

A Yamai, kowa ya san Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa. Amma wasu iyalai kilinik mai zaman kanta suke kai nasu, da kuɗin akuyar da aka sayar, ko wanda ɗan'uwa ya aiko daga Abijan ko Faransa. Can, sau da yawa, likita shi kaɗai ne a ɗakinsa, ba wani babba da ke duba bayansa. Ke nan dole ya auna aikinsa da kansa.

Ma'auni na farko tambaya ce. Likitoci a ƙasashe da dama na amfani da wata takarda mai suna PHQ-9, mai tambayoyi 9 kan makonni 2 da suka gabata: barci, cin abinci, kasala, baƙin ciki, har da tunanin kashe kai. Makin daga 0 yake zuwa 27. Ana rubuta na ranar farko, in an komo a sake tambaya. Idan ya ragu da rabi, magani ya kama. Idan an kwashe makonni bai motsa ba, sai a sake dabara.

Na biyu, bakin iyali. Ya koma gona? Tana fita suna da biki kamar da? Na uku, likita ya kai abin da ya shige masa duhu gaban abokan aikinsa, ba tare da ya faɗi sunan majinyaci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne majinyacin da ya daina zuwa. Ɗaukewar ƙafa ba warkewa ba ce. Wataƙila kuɗi ne suka ƙare, ko magani ya sa shi jiri ya jefar. Likita nagari yakan buga waya ya ji dalili.

Don haka, in kun raka naku, ku tambaya cikin ladabi: "Likita, me ya canja daga wancan zuwa?" Ku kuma da ke waje kuna aiko da kuɗi, ku riƙa neman wannan amsar. Kada a tsai da magani sai da sanin likita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.