Masu Ziyarar Alhaji Mudi Sipikin: Sun Tambayi Ɗan Siyasa, Sun Bar Sha'iri

A shekarun ƙarshe na rayuwar marigayi Alhaji Mudi Sipikin, Allah ya jiƙansa, baƙi ba su yanke masa ba. 'Yan jarida sun je, ɗalibai masu neman abin rubuta kundi sun je, haka kuma 'yan siyasa masu son a lissafa su cikin magadan tafiyar talakawa. Zuwa wurin dattijo irin wannan kuwa yana da ladabinsa: a yi sallama, a tuɓe takalmi, a durƙusa a gai da Baba, a tambayi jiki da iyali, sa'an nan a kawo abin da ke tafe da mutum. Akwai abin murmushi a nan, domin jam'iyyar da shi da abokansa suka kafa ita ce ta yi suna wajen hana talaka tuɓe takalmi da faɗuwa ƙasa don gai da hakimi. Amma durƙuson da aka yi masa na shekaru ne da ilmi, ba na tsoro ba.

Wanda ya bi hirarrakin da jaridu suka buga da shi a wancan lokaci zai ga tambayoyin kusan duk wuri ɗaya suke komawa, watau yadda aka kafa NEPU. Ba laifi ba ne a tambaye shi wannan, tun da yana cikin mutum takwas ɗin nan da suka aza harsashinta, kuma ya rayu har yawancin abokan nasa suka riga shi. Sai dai mutumin da ake yi wa tambayar yana ɗaya daga cikin manyan marubutan waƙar Hausa na ƙarni na 20, kuma wannan ɓangare na rayuwarsa shi ne masu ziyara suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tsakanin Fagge da Sabon Gari

Labarin da ake nema a bakinsa na unguwanni biyu ne da ke wajen ganuwar Kano. Fagge tsohon masaukin fatake ne da Buzaye masu raƙuma, wurin da baƙo ke sauke kaya kafin ya shiga birni. Sabon Gari kuwa ta tashi ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka keɓe ta don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da ƙasashen maƙwabta, kuma sai a 1940 aka mai da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. Saurayin da ya fito daga birni ya ratsa Fagge ya shiga Sabon Gari, cikin tafiyar ƙafa da ba ta kai awa guda ba zai ji maganganun da ba a furta su kusa da fada. Jaridar Comet ta Dakta Azikiwe ta dawo Kano daga Ikko cikin 1949. A Fagge kuma akwai ƙungiyar Taron Masu Zumunta, wadda Abba Maikwaru ke cikin jagororinta.

Ran 8 ga watan Agusta, 1950, a gidan Bello Ijumu da ke Sabon Gari, mutum takwas suka zauna suka kafa jam'iyyar da aka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Su ne Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Musa Kaula, da Abdulƙadir Ɗanjaji, da Baballiya Manaja, da Garba Bida, da Mudi Sipikin, wanda aka haifa a 1930, watau bai wuce shekara 20 ba a ranar. Malam Aminu Kano ba ya cikin zaman, domin a lokacin yana aikin koyarwa a Maru, kuma sai a 1953 ya zama shugabanta.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga ɗaliban tarihi: zaɓen 1951 mai hawa-hawa, inda NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a Kano amma aka tace ta kafin matakin ƙarshe, da tarzomar watan Mayu na 1953 wadda ta fi zafi a tsakanin Fagge da Sabon Gari, da ɗauri da bulala a kotunan alƙalai. Duk wannan yana cikin littattafai, an maimaita shi har an haddace. Dattijon ya ba da labarin ga duk wanda ya tambaya, shekara bayan shekara.

Amsar da ya ba Malam Sa'adu

Da a ce mai ziyara ya juya akalar hirar kaɗan, da ya faɗa cikin wata muhawara da ta fi jerin sunaye daɗin saurare. Wajen 1950 Malam Sa'adu Zungur ya rubuta waƙarsa mai suna "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", bayan ya zauna a Ikko ya ga siyasar Kudu da idonsa. A cikinta ya gargaɗi sarakuna cewa in ba su gyara ba, abin da ya sami sarakunan Indiya zai same su, amma duk da haka ya fifita sarauta mai bin tsarin doka, irin ta Ingila, a kan a rushe ta gaba ɗaya. Malam Sa'adu a lokacin malami ne da kowane ɗan boko na Arewa ke shakkar ja da shi. Sai ga saurayi ɗan kasuwa daga Kano ya mayar masa da martani da waƙa, ya kira ta "Arewa Jumhuriya Kawai". Sunan kaɗai ya isa hukunci.

Wannan ja-in-ja ba ƙaramin abu ba ne a tarihin adabin Hausa. Mutum biyu ne masu ƙin zalunci iri ɗaya, suka saɓa a kan magani, kuma suka zaɓi baiti da amsa-amo su zama filin gwada hujja. Daga baya shi kansa Malam Sa'adu ya zama jigo a tafiyar NEPU a Bauci, kafin rasuwarsa a 1958. Shi kuwa Alhaji Mudi ya rayu ya ga Nijeriya ta zama jumhuriya ran 1 ga Oktoba, 1963, sarakuna kuma suna nan kan gadajensu. Ya ga sojoji sun karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, ya ga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ya ga PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979. To, a ganinsa wa ya ci muhawarar, shi ko Malam Sa'adu? Ya ci gaba da tsayawa a kan "kawai" ɗin nan tasa har tsufa, ko kuwa shekaru sun sassauta ta? Tambaya ce da ta cancanci yini guda a kan tabarma, kuma mutum ɗaya ne tak a duniya ke da amsarta.

Haka kuma waƙarsa "Rasha Abokan Afirka", wadda ta fito a zamanin da ambaton Rasha da alheri kan jawo wa mutum idon hukuma. Ya rayu fiye da shekara 20 bayan rugujewar Tarayyar Sobiyat a 1991.

Abin da takarda ba ta ɗauka

Mai karatu na iya cewa ai waƙoƙin suna nan a rubuce, tun da kamfanin NNPC na Zariya ya buga masa "Tsofaffin Waƙoƙi da Sababbin Waƙoƙi" cikin 1971. Gaskiya ne, amma littafi ɗaya na 1971 ba zai ɗauke aikin mutumin da ya ƙara shekara 40 da ɗoriya a duniya bayan fitowarsa ba. Bugu da ƙari, rubutacciyar waƙar Hausa ba don ido kaɗai ake yin ta ba. Ana rubuta ta ne don a rera, kuma kowane sha'iri da karin muryar da yake ɗora wa baitocinsa. Takarda tana riƙe kalma, amma ba ta riƙe inda ya ja numfashi ko inda ya danna harafi don ya cika ma'auni. Wanda bai ji daga bakin mai ita ba, rabin waƙar ya samu.

Sa'an nan ga maganar habaici. Marubutan NEPU sun yi aiki ne a zamanin da zagin basarake a fili kan kai mutum gaban alƙali, saboda haka suka ƙware wajen sakaya suna. A ce kura, a ce ungulu, kowa a dandalin taro ya san wanda ake nufi, a yi shewa a watse. Bayan shekara 50 masu shewar sun ƙare, sai ɗalibi ya zo ya ga kura a takarda ya ɗauka ta daji ce. Ƙari a kan haka, waƙoƙi da yawa na wancan zamani ba su ɗauke da shekarar da aka yi su, wasu an rubuta su da ajami, wasu an buga su a warwatse a jarida ko a 'yar takardar da ake sayarwa a kasuwa. Mai waƙar ne kaɗai zai ce wannan na yi ta ne bayan zaɓe kaza, wancan baiti kuma da wane nake. Wannan shi ne amfanin zama da tsohon sha'iri, kuma ba aiki ne na yini ɗaya da rikoda ba. Yana bukatar a yi ta komawa har dattijo ya saba da fuskar mutum, ya daina ba shi amsar da ya tanada wa baƙi.

Baƙin da suka zo da alƙalami

An taɓa yin irin wannan zama a Kano, kuma amfaninsa yana nan har gobe. Bayan sojoji sun haramta jam'iyyu a 1966, marubutan da suka saba da dandalin siyasa sai suka koma ga ƙungiyoyin waƙa. Alhaji Aƙilu Aliyu ya shugabanci Hausa Fasaha, Alhaji Mudi Sipikin kuma ya shugabanci Hikima Kulob, wadda 'ya'yanta kan karanta waƙoƙinsu a gidan rediyo a Kano. Zamani ne na waƙoƙin wayar da kai: komawa tuƙi a hannun dama a 1972, da shigowar naira da kwabo a 1973, da ƙidayar jama'a ta shekarar, da ilmin firamare kyauta a 1976. Wasu masu nazari kan raina waƙoƙin wannan zango, su ce aikin ofishin watsa labarai ne aka sa wa amsa-amo. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma da su ne dubban mutanen da ba su karanta jarida suka fahimci sabon kuɗi.

A cikin waɗannan shekaru ne wani ɗalibi Bature daga Ingila, Graham Furniss, ya zo ya zauna da 'yan Hikima Kulob, ya tattara waƙoƙinsu, ya yi hira da su, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Landan cikin 1977. Yawancin abin da ɗalibai ke iya karantawa yau game da yadda ƙungiyar ke gudana daga wannan zama ya fito. A shekarar nan dai Malam Ɗalhatu Muhammad, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kammala nasa kundin a kan Alhaji Aƙilu, kuma ya shirya "Fasaha Aƙiliya" aka buga. Alhaji Aƙilu mutumin Jega ne da ya daɗe a Maiduguri kafin ya tare a Kano, mai Hausa mai zurfi da wasa da harshe, wanda ko ɗan gari sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya gane inda ya dosa. Ba domin an sami mai haƙurin bin sa yana tambaya ba, da baitoci da yawa sun zama kulle ba mabuɗi tun kafin rasuwarsa a 1999. Haka Beverly Mack, Ba'amurkiya, ta zauna da Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, aka sami "Alƙalami a Hannun Mata" a 1983.

Malam Sa'adu Zungur bai sami wannan gata ba, domin bai kai shekara 45 ba ya rasu. Sai bayan ransa Malam Aminu Kano ya rubuta tarihinsa a 1973, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya tattara waƙoƙinsa da bayaninsu a 1974, suna dogaro da takardun da ya bari da tunanin waɗanda suka zauna da shi.

Abin lura shi ne lokacin da Furniss ya zauna da shi, Alhaji Mudi yana ɗan shekara 40 da 'yan kai ne, da ƙarfinsa, yana tsakiyar aiki. Tsufa kuwa wani fage ne dabam. A nan ne mutum ke waiwayen abin da ya rubuta yana saurayi, ya ce wannan har yanzu ina kansa, wancan kuwa zafin ƙuruciya ne. A nan ne kuma abokan hamayya suka kwanta dama, harshe ya sake, ana iya kiran kura da sunanta. Wannan zango ne 'yan jarida da ɗalibai suka samu a hannu, suka kashe mafi yawansa a kan taron gidan Bello Ijumu.

Duk da haka ba a ce komai ya salwanta ba. Kowane ɗan jaridar da ya je da rikoda ya dawo da abin da ya fi wanda edita ya ba shi fili ya buga, kuma kowane ɗalibi ya cika littafin rubutu da abin da bai shiga kundi ba. Akwai kaset-kaset na shirye-shiryen rediyo, akwai 'yan Hikima Kulob da almajiransu da suka haddace karin muryarsa. Kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙurar Kano har abada. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsuna, tana kuma da Gidan Mambayya a Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano, inda ake adana tarihin tafiyar NEPU da PRP. A Kaduna ga Gidan Arewa. Ko wanne daga cikinsu wuri ne da ya dace a kai kaset ko littafin rubutun da ke kwance a akwati, a kwafe shi, a rubuta sunan wanda ya ɗauka da shekarar da aka ɗauka.

Alhaji Mudi Sipikin ya rasu a watan Fabrairu na 2013, ya haura shekara 80, watau shekara 62 da 'yan watanni bayan zaman nan na Sabon Gari.