Karatun Littafin Dirac a Kan Ilmin Kwantam

Ɗalibin da ya taso daga Ruwan Bore ya shiga sashen fizis na Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ba zai daɗe ba sai ya ji sunan Paul Dirac, masanin nan na Ingila wanda ya wallafa littafinsa a kan ƙa'idojin ilmin kwantam a 1930. Har yanzu ana karanta shi, ko da yake ba a yi wa ɗalibi sassauci a cikinsa ba ko kaɗan.

Tushen ilmin ya girmi littafin da shekara 30. A 1900 Max Planck na Jamus ya nuna cewa zafi da haske ba su fita daga jikin abu kamar kwararar ruwa, sai dai ƙwaya-ƙwaya kamar gero, kowace ƙwaya da adadinta. Ɗan manomi ba zai sha wahalar gane wannan ba. Wahalar tana gaba.

A babin farko Dirac ya kawo misalin ƙwayar haske guda ɗaya tak, wadda aka aika ta cikin wani dutse mai tace haske. In karkatar ƙwayar ta yi daidai da yadda dutsen ke bari, sai ta wuce. In ta gicciye, sai a tsare ta. To, in ta tsaya tsaka-tsaki fa, watau digiri 45? Hankali zai ce rabinta ya wuce. Ba haka ba ne. Ko dai ta wuce ɗungum, ko ta tsaya ɗungum, kuma ba mai iya faɗin wanne kafin a duba. Abin da lissafi ke iya bayarwa kurum shi ne, cikin ƙwayoyi dubu kusan ɗari biyar za su wuce. A nan ne ɗalibi yakan zargi Turancinsa, alhali kuwa ɗan Landan ma a nan yake cijewa.

Hadda ba ta fid da mutum daga wannan wuri. Littafin ba shi da tambayoyin gwaji a ƙarshen babi, saboda haka wanda ya karanta shi kaɗai yakan zaci ya gane. Ya fi dacewa a bi shi yadda ake bin littafin fiƙihu a zaure: layi-layi a gaban malami, ana biyawa ana warwarewa, da alƙalami a hannu, bayan an riga an ƙware a aljebra.