Kabewar da A Kan Ci Ɗanya

A ƙasar Getso mun saba barin kabewa ta yaɗu bisa danga har ta ƙosa, sa'an nan a yi taushe. Akwai wata 'yar'uwarta, asalinsu duka Amurka, wadda a kan tsinke tun tana ɗanya. Cikin kwana 50 zuwa 60 ta ke ba da 'ya'ya, watau tsakiyar marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba.

Idan ruwa ya zauna, a haƙa rami, a zuba ruɓaɓɓen taki, a sa ƙwaya 3, a bar kamu 2 tsakani. Mutanenmu in sun ga fure na zuba su kan ce baki ne. To, furen iri biyu ne. Namiji shi ke faɗuwa, gama aikinsa ya ƙare. Macen ita ce mai ƙullutu a gindi, ba ta kuwa ɗauka sai ƙudan zuma ya kawo mata garin namijin.

A tsinke tun farce na huda ɓawon, ba sai an feraye ba. A sa ta a miyar gyaɗa da yakuwa daga ƙarshe, don ba ta jimre wuta. Wadda ta yi ɗaci a zubar, dafi gare ta.