Shara Ta Addabi Dutsen Ebarest: Kaya Na Hawa, Juji Ya Ƙi Sauka

Tun ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 1953 da Edmund Hillary na ƙasar New Zealand da abokin tafiyarsa Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar Dutsen Ebarest, idon duniya bai sake barin wannan dutse ba. Shi ne mafi tsawo a doron ƙasa, yana kan iyakar ƙasar Nefal da yankin Tibet na ƙasar Sin, kuma awon da ƙasashen biyu suka bayar a cikin 2020 ya nuna tsayinsa ya kai mita 8,848.86. To, amma a yau abin da ya fi damun hukumomi da mazauna gindin dutsen shi ne tarin sharar da baƙi ke bari a bayansu, wadda har ta sa wasu ke yi masa kirari da jujin da ya fi kowane juji bisa a duniya.

Yankin da ake magana a kansa sunansa Khumbu, ƙasar ƙabilar Sherpa. A cikin 1976 ne Gwamnatin Nefal ta keɓe shi a matsayin Gandun Sagarmatha, watau sunan da mutanen Nefal ke kiran dutsen da shi, mai faɗin murabba'in kilomita 1,148. Bayan shekara uku Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A da, sai an yi tafiyar makonni a ƙasa kafin a isa can. Da aka gina ɗan filin jirgin sama a garin Lukla a cikin 1964, sai hanya ta buɗe. Yanzu a shekarun da kasuwa ta yi kyau baƙin da ke shiga gandun sukan zarce 50,000, ban da 'yan dako da masu yi musu jagora.

Baƙi Iri Biyu

Ya kamata mai karatu ya rarrabe baƙin nan gida biyu. Akwai masu hawa ƙololuwa, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a shekara. Sannan akwai dubun-dubatar masu tattaki, waɗanda ke tashi daga Lukla a ƙasa, su yi kamar mako guda suna hawa, su ratsa ta kasuwar Namche, har su isa sansanin farko da ke gindin dutsen, mai tsayin mita 5,364, daga nan su juyo.

Sharar masu hawa ƙololuwa ita ce jaridun duniya suka fi bugawa: yagaggun tantuna, da igiyoyi, da gwangwanayen abinci, da tulunan iskar numfashi da aka shanye aka yar. Amma ta masu tattaki ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kowane ƙauye da ke bakin hanya ya cika da gidajen saukar baƙi, kowane gida kuwa yana sayar da ruwan gora, da lemo, da biskit, da taliyar leda. Shekara da shekaru abin da masu masauki ke yi shi ne su haƙa rami a bayan gari su zuba, in ya cika su cinna masa wuta. Ruwan da ke bi ta kan ramukan nan yana gangarawa cikin Kogin Dudh Koshi, wanda ruwansa ke ƙarewa a Kogin Ganga na ƙasar Indiya.

Tushen Matsalar

Daga Lukla zuwa sama babu hanyar mota. Duk abin da aka gani a kanti, tun daga kwalbar lemo har tukunyar gas, a bayan ɗan dako ya hau, ko a bayan alfadari, ko shanun dutse da ake kira yak, ko kuma a jirgi mai saukar ungulu. Kaya na hawa ne saboda akwai mai saye a sama, shi ne ke biyan ladan dako. Da zarar an shanye abin da ke ciki, kwalba ta zama ba ta da mai ita, babu kuma wanda zai biya a sauko da ita. Nan gizo ke saƙar.

Sanyi kuma ya ƙara dagula al'amari. A ƙasa mai zafi ɓawon ayaba da takarda sukan ruɓe cikin 'yan kwanaki, amma a kan ƙanƙara abin da aka yar yakan shekara goma yana nan yadda yake. Haka ma bayan gida. A sansanin farko ana tara shi cikin ganguna, 'yan dako su ɗauka su kai ramuka a kusa da ƙauyen Gorak Shep. A sansanonin da ke sama kuwa an daɗe kowa na zagayawa bayan dutse. A cikin 2024 an ƙiyasta cewa akwai kimanin tan uku na bayan gida tsakanin sansani na ɗaya da na huɗu, rabinsa a sansani na huɗun, mai tsayin kusan mita 8,000. Ƙanƙarar wurin kuwa ita ce masu hawa ke narkarwa su sha. Har ila yau, wani bincike da aka buga a cikin 2020 ya gano ɓurɓushin roba a cikin ƙanƙarar da aka ɗebo daga tsayin mita 8,440.

Matakan Da Aka Ɗauka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen Sherpa da kansu suka kafa Kwamitin Hana Gurɓata Muhalli na Sagarmatha a cikin 1991, mai hedikwata a Namche. Kwamitin ya gina rumbunan zuba shara a bakin hanya, yana kwashewa, yana tantancewa, yana kuma binciken sharar da masu hawa suka sauko da ita.

A cikin 2014 Gwamnati ta kafa doka cewa duk wanda ya wuce sansanin farko sai ya dawo da shara kilo takwas, in ba haka ba a riƙe kuɗin ajiya na dala 4,000. Dokar ta yi kyau a takarda, amma ta bar ɓaraka. Sikeli nauyi yake aunawa, ba ya faɗin inda aka tsinto kaya. Saboda haka sai masu hawa suka riƙa cika buhunansu daga sansanonin ƙasa, inda tsintar ke da sauƙi, na sama kuwa suka ci gaba da cika. A ƙarshen 2025 jami'an Gwamnati suka amsa cewa tsarin bai biya bukata ba, suka bayyana shirin maye gurbinsa da kuɗin tsabta wanda ba a mayarwa.

Ita kuwa ƙaramar hukumar Khumbu Pasang Lhamu ta hana shiga da ledoji marasa kauri tun daga watan Janairu na 2020. A cikin 2024 ta wajabta wa masu hawa amfani da wasu jakunkuna na musamman masu sinadarin daskarar da bayan gida, su kuma sauko da abinsu. Rundunar Sojan Nefal ma ta shiga aikin tun 2019. A yunƙurinta na 2024 kaɗai ta kwaso shara tan 11, da gawarwaki huɗu, da ƙwarangwal ɗaya daga Ebarest da duwatsu biyu da ke maƙwabtaka da shi.

Wata dabara da ta fi dacewa da masu tattaki ita ce ta roƙon baƙo ya taimaka da dako. Ana niƙe gorunan roba da gwangwanaye a zuba cikin ƙananan jakunkuna masu nauyin kilo ɗaya, baƙon da ke komawa ya rataya ɗaya daga Namche zuwa Lukla, daga can jirgi ya kai su Katmandu, babban birnin ƙasar, a sake sarrafa su. An kuma fara gwada jirage marasa matuƙi a cikin 2024, masu ɗaukar kimanin kilo 15 tsakanin sansani na ɗaya da gindin dutse.

Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

Amfanin jiragen nan bai tsaya ga tsabta kaɗai ba. Tsakanin sansanonin biyu akwai wani kogin ƙanƙara mai ramuka da ke motsi kullum, inda zaftarewar ƙanƙara ta hallaka ma'aikata 'yan Nefal 16 a ranar 18 ga Afrilu, 2014. Duk buhun sharar da aka sauko da shi a baya ta nan yake bi, kuma galibi ba baƙon da ya zubar ne ke ɗauke da shi ba, ɗan ƙasa ne mai neman abin kai wa iyali.

Nefal ƙasa ce mai ƙaramin ƙarfi, yawon buɗe ido kuwa na cikin manyan hanyoyinta na samun kuɗin waje. A cikin 2023 ta ba da takardun iznin hawa Ebarest sama da 470, daga watan Satumba na 2025 kuma ta ƙara kuɗin takardar daga dala 11,000 zuwa 15,000 a kan kowane mutum a lokacin bazara. Rage yawan baƙi zai taɓa baitulmali, ya taɓa masu masauki da 'yan dako. Barin su yadda suke kuma zai ɓata ruwan sha, ya ɓata kyan wurin da ake zuwa kallo.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Tarihin shekaru talatin da suka wuce ya nuna cewa gangamin kwashe shara na shekara-shekara yana rage abin da ya taru ne kawai. Maganin da zai ɗore shi ne a sa kuɗin sauko da kwalba a cikin farashinta tun ranar da ta hau, a kuma tabbatar kuɗin ya isa hannun kwamitin da ke Namche da ɗan dakon da zai goyo ta zuwa Lukla.