Kuruwa da mazaunin alternata: ɗan aikin da ke tsayar da babbar mota cikin daji

Duk wanda ya san tashoshin manyan motoci na Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san tsofaffin Marsandi masu gajeren hanci, waɗanda direbobi ke kira 911 da 1113. Su ke ɗaukar albasar Galmi, su ke kai hatsi da bisashe kasuwannin ƙauye inda sabuwar mota ba ta yarda ta sa ƙafa. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙera wanga samfuri a 1959, ya ci gaba da aika shi ƙasashen waje har cikin shekarun 1990, an kuma haɗa wasu a Inugu ta Nijeriya tun farkon shekarun 1980. Injin da ke cikin da yawansu shi ne OM 352 mai silinda 6 da lita 5,7, wanda ya fito a 1964. Kusa da su akan ga sauran Berliet na Faransa, dangin waɗanda suka ratsa Tenere a 1959 da 1960, tun kafin sunan ya ɓace cikin Renault a 1980.

Waɗannan injina ba su mutuwa da sauƙi. Abin da muke gani yana kayar da su kan hanya shi ne ƙaramin abu: robar da ke juya alternata, wadda a garajojinmu ake ce ma kuruwa, a Ƙonni da Maraɗi wasu su ce fambel kamar mutanen Nijeriya, da kuma ƙarfen da alternata ke zaune a kansa, wato sifor.

Ga inda haɗarin yake. Tsohon injin gazuwal mai famfon ƙarfe ba ya bukatar wuta in ya riga ya tashi. Kuruwa ta tsinke, jar fitilar batir ta kunnu a tablo, amma mota na tafiyarta kamar ba komi. Direban da bai sani ba sai ya ce bari in kai gari na gaba. To amma a yawancin injinan nan, kuruwar da ke juya alternata ita ce ke juya famfon ruwa da fanka. Ruwa ya daina zagayawa, cikin ƴan mintoci ya tafasa, juwan kilas ya ƙone, wani lokaci kilas ɗin kansa ya tsage. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 45 a inuwa, injin da ke jan tan goma bisa yashi ba ya ba da lokacin shawara. Tsakanin Dosso da Dogonduci wanga asarar kuɗi ce da kwanan hanya. Arewa da Agadas magana ce ta rai. Ba mu manta ba da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutane 92, galibinsu mata da yara, a arewacin Arlit, bayan motoci biyu da ke ɗauke da su sun lalace ƙishirwa ta cim musu. Kowace irin lalacewa ce, hamada ba ta tambayar girman abin da ya ɓaci.

Mi ya sa sifor ke ba da wahala haka? Dalili na farko shi ne da wuya a samu tsohuwar mota da ke da alternatarta ta asali. Mafi tsufa cikinsu da dinamo suka fito, kuma dinamo ba ya cajin kirki in injin yana ralanti, shi ya sa aka yi ta cire shi. Sauran kuwa an canza musu alternata sau uku ko huɗu, kowane lokaci da abin da aka samu wajen masu tsofaffin kayan mota, a Katako ta Yamai ko a Kano. Dinamo dogo ne, alternata gajera ce mai ƙiba, kunnuwansu ba wuri ɗaya suke ba. Dole mai walda ya ƙera sabon mazauni, kuma nan ne aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci.

Mazaunin kashi biyu ne. Akwai na ƙasa, wanda ake ɗaurewa jikin injin, inda dogon bulo ke ratsa kunnen alternata ta riƙa juyawa a kansa kamar ƙyauren ɗaki. Akwai kuma na sama, ɗan ƙarfe mai dogon tsagi, tandar, wanda ke riƙe ta a inda aka ja ta. Na ƙasa shi ke ɗaukar nauyi da girgiza, saboda haka ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8 yake so, da ɗan kusurwa da aka walda a gwiwarsa don kada ya lanƙwashe. Muna yawan ganin an yanko guntun ƙarfen gado ko na ƙofa an huda. Ranar farko yana da kyau. Bayan sati biyu bisa hanyar laterit mai ƙunya-ƙunya, sai tsaga ta fito gefen walda. Kuma a ɗaure shi da bulo biyu aƙalla a ramukan da injin ya zo da su, domin mai bulo guda juyawa yake yi komi ƙarfin ɗaurin.

Bulon kansa abin dubawa ne. A kan na kirki akwai lamba, 8.8 ko 10.9, ita ce ke faɗin ƙarfinsa. Wanda kansa ba rubutu na kafinta ne, bai da wuri jikin injin gazuwal. A sa masa rondel mai tsaga ko ekuru mai roba a ciki, don girgiza kada ta kwance shi. In akwai rata tsakanin kunnen alternata da mazauni, a cike ta da guntun bututun ƙarfe da aka yanka daidai awo. Wanda ya matse bulo don rufe ratar da ƙarfin tsiya zai karya kunnen, don jikin alternata alminiyom ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi.

Kafin a taɓa komi, a cire kan batir na ragi. Manyan motoci da yawa da bolt 24 suke aiki, batir biyu a jere, kuma kile da ya haɗa wayar alternata da jikin injin yana iya narkewa a hannun mutum. Haka in za a yi walda jikin mota, a cire batir a kuma zare wayoyin alternata. Wani abu da ake mantawa: ta jikinta alternata ke samun mas. In an shafe sabon mazauni da fenti mai kauri, ko tsatsa ta cinye wurin haɗuwa, caji zai yi rauni a yi ta zargin batir a banza. A kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ko a ƙara waya mai kauri daga jikin alternata zuwa injin.

Sai daidaita puli, wanda a ganinmu shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi yi da ido. Puli uku ne, na ƙasan injin, na famfon ruwa da na alternata, kuma dole kwarinsu ya kasance bisa layi guda. Ido ba ya ganin kuskuren milimita 3, kuruwa kuwa tana jinsa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko a ja zare bisa fuskar pulin injin zuwa na alternata, a duba ko ya taɓa gefe biyu na kowanne, tare da lura cewa kaurin bakin puli yakan bambanta. In alternata ta yi gaba ko baya, da rondel ake gyarawa. In kuwa ta karkace, mazaunin ne bai miƙe ba, sai a koma wajen mai walda. Alamar rashin daidaito ba ta ɓuya: gefe guda na kuruwa ya cinye, baƙin gari ya taru a gaban alternata.

Ita ma kuruwa da awonta. Lambar da ke bayanta, misali 12,5 x 1200, tana nufin faɗi da tsawo a milimita. Da gefunanta take kamawa, shi ya sa ƴar siririya mai 9,5 da aka sa cikin kwarin 12,5 ke nutsewa ta zauna ƙasan kwari tana sulɓi komi jan da aka yi mata. Pulin da ƙasan kwarinsa ke ƙyalli ya gaya muku haka ke faruwa, ko kuma shi kansa ya cinye, abin da ƙurar hunturu ke gaggautawa. Inda kuruwa biyu ke tafiya tare, a canza su tare. Sabuwa kusa da tsohuwa ita kaɗai ke ɗaukar kayan.

Wajen sa ta, a sassauta bulon ƙasa da na tandar, a tura alternata kusa da injin, kuruwa ta shiga da hannu. Aparanti da yawa turnabis suke sawa su ɗage ta bisa bakin puli, su tsinke zaren da ke cikinta tun ba ta yi aikin kwana ɗaya ba. Bayan ta zauna, a ja alternata waje da sandar icce, a jingina sandar ga gaban jikinta kusa da kunne, ban da bayanta inda diyod suke. A ɗaure na tandar, sannan na ƙasa.

Ga awon ja: a danna tsakiyar wuri mafi tsawo tsakanin puli biyu da babban yatsa, da ƙarfin da ya kai kamar kilo 10. Ta nutsa milimita 10 zuwa 15, kusan faɗin ɗan yatsa. In littafin motar yana nan, abin da ya faɗa shi ne gaba. Sako-sako tana kuka da safe ko in an kunna fitilu, gefenta ya yi santsi kamar gilashi, batir ya riƙa kwana ba wuta. Amma mu a nan kuskuren da ya fi yawa shi ne na ɗaurewa fiye da kima, don direba na son ya ji ta kamar tsirkiyar baka. Alternata tana juyawa ninki biyu zuwa uku na gudun injin, rulmanta ƙanana ne, kuma jan da ya wuce kima yana cinye su tare da na famfon ruwa. An tsere ma kukan kuruwa an sayi yoyon ruwa. Man birki ko baƙin mai da wasu ke shafawa don kukan ya tsaya, ruɓar da robar suke yi.

Sabuwar kuruwa tana miƙewa. A bar injin ya yi minti 10 zuwa 15, a kashe, a sake dannawa, a kuma sake dubawa bayan tafiyar farko. Motar da aka gyara a Damagaram za ta Agadas, Tanut ne wurin buɗe bonet. Sannan a auna caji da mita a kan batir, injin na aiki: bolt 13,8 zuwa 14,4 ga mai 12, wajen 28 ga mai 24. Tsohuwar dabarar cire kan batir injin na aiki don a ga ko akwai caji ta zamanin dinamo ce. Ga alternata tana iya kashe diyod da regilata nan take.

Masu motoci, ku ne ke riƙe da kuɗin, kuma sau da yawa ku ke cewa a lallaɓa har a dawo. Kuruwa na cikin kaya mafi arha a jikin motar, kilas na cikin mafi tsada. Jabu ta cika kasuwa, mai sunan babban kamfani a kwali da robar da ke tsattsagewa cikin wata guda, don haka a lanƙwasa ta a duba kafin a biya. Direban da zai yi arewa ya tafi da kuruwa ta ajiya mai lamba daidai da tasa, da bulon kunne guda, da kile 13, 17 da 19, a ajiye kuruwar bayan kujera inda rana da mai ba su kai gare ta.